Gida Ɗaya, Haraji Huɗu: Yadda Harajin Kan Sarki Yake Aiki a Kasuwar Gidajen Ingila

Ranar 5 ga Satumba 2025 Angela Rayner ta sauka daga kujeru uku lokaci guda: ta mataimakiyar firaministan Birtaniya, ta ministar gidaje, da ta mataimakiyar shugaban jam'iyyar Labour. Babu wanda ya ce ta taɓa baitulmali, babu kuma zancen kwangila. Wani fulat ta saya a garin Hove da ke bakin teku a kudancin Ingila, kan fam 800,000. Ta biya harajin kan sarki fam 30,000, daga baya aka gano cewa fam 70,000 ya kamata ta biya. Mai ba firaminista shawara kan ɗa'ar ministoci, Sir Laurie Magnus, ya bincika, ya ce ba da mugun nufi ta yi ba, amma an ja hankalinta ta nemi ƙwararre kan haraji ba ta nema ba. Wannan kaɗai ya isa ya raba ta da ofis.

Idan ministar gidaje da kanta ta yi tuntuɓe da wannan haraji, to ina ga ɗan kasuwar Kano da ke son saya wa 'yarsa mai karatu a Manchester wurin zama, ko likitan da ya bar asibitin koyarwa a Zariya ya koma aiki a Leeds, ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya huta da biyan haya? Su ne suka fi shiga haɗari, domin dokar tana da wasu ƙusoshi da suke kallon abin da mutum ya mallaka a ƙasarsu ta haihuwa, ko da bai taɓa tunanin gwamnatin Ingila tana da ruwa da shi ba.

Harajin tsoho ne. A shekarar 1694 aka kafa shi, zamanin Sarki William da Sarauniya Mary, don a samu kuɗin yaƙi da Faransa, aka ce na shekara huɗu ne kawai. Shekara ɗari uku da ɗoriya ke nan yana nan daram. A wancan lokaci takarda ake yi wa haraji: duk wata yarjejeniya sai an kai ta an buga mata hatimin hukuma, in ba haka ba kotu ba za ta dube ta ba. Da Birtaniya ta so ɗora irinsa a kan mazauna yankunanta na Amurka a 1765, bore ya tashi har sai da ta janye shi bayan shekara ɗaya, kuma ɗacin da ya bari yana cikin abubuwan da suka kai ga yaƙin neman 'yancin Amurka.

Yau babu hatimi, babu tawada. Daga 1 ga Disamba 2003 aka sauya tsarin, harajin ya bar takarda ya koma kan cinikin kansa, shi ne wanda lauyoyi suke rubutawa SDLT a takardunsu. Ingila da Ireland ta Arewa ne suke aiki da shi. Scotland ta ware da nata tun Afrilu 2015, Wales ta bi sahu a Afrilu 2018, kowacce da nata lissafi, don haka wanda zai sayi gida a Glasgow ko Cardiff kada ya ɗauki alƙaluman da ke tafe. Mai saye ne yake biya. Mai sayarwa ba ya ba da ko kwabo. A ciniki irin namu dillali ya sha rana ya nuna maka gida kafin ya karɓi la'adarsa. A can gwamnati ce dillalin da bai taka ko ƙofar gidan ba, amma sau da yawa la'adarsa ta fi ta lauya da ta mai auna gida a haɗe.

Lissafin mataki-mataki

Tun daga 1 ga Afrilu 2025, ana yanka farashin gida gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da nata kaso. Fam 125,000 na farko babu haraji. Daga nan zuwa 250,000 kashi 2 cikin ɗari. Daga 250,000 zuwa 925,000 kashi 5. Daga nan zuwa miliyan ɗaya da rabi kashi 10, abin da ya haura haka kuma kashi 12.

A ɗauki gidan fam 400,000, wanda a Landan ƙaramin fulat ne, a Bradford ko Hull kuwa gida ne na a zo a gani. Gunduwar farko ta wuce kyauta. Ta biyu, fam 125,000, ta ba da fam 2,500. Ragowar fam 150,000 a kashi 5 ta ba da fam 7,500. Jimla fam 10,000.

Da ba haka ake yi ba. Kafin Disamba 2014, da zarar farashi ya tsallake iyaka ko da fam ɗaya ne, sabon kason zai hau kan kuɗin gaba ɗaya. Gidan fam 250,000 harajinsa fam 2,500. A ƙara masa fam ɗaya ya koma fam 7,500. Abin da ya biyo baya kowa zai iya hasashe. Gidaje suka yi ta taruwa a daidai kan iyakar, ba ka cika ganin gidan 255,000 ko 260,000 a kasuwa ba, masu wayo kuma suka riƙa rubuta 250,000 a takarda, su ce sauran kuɗin na labule da darduma da firiji ne. George Osborne, ministan kuɗi na lokacin, ya soke wannan tsari, kuma cikin duk gyare-gyaren da aka yi wa harajin, wannan ne kusan kowa ya yarda yana da ma'ana. Har gobe ana iya cire kuɗin kayan ɗaki daga farashi, amma a kan ƙimarsu ta gaskiya. Tsohuwar kujera ba ta zama ta fam dubu goma don an rubuta haka.

Da a nan maganar ta tsaya, da shafi ɗaya ya ishe ta. Amma fam 10,000 ɗin can na mutum guda ne cikin masu saye iri-iri. Wannan gida dai na fam 400,000, mazaunin Birtaniya da bai taɓa mallakar gida ba zai biya fam 5,000. Wanda ya sayar da gidan da yake ciki ya sayi wannan a madadinsa zai biya fam 10,000. Wanda yake da wani gidan kuma zai ci gaba da riƙe shi, fam 30,000. Wanda yake da wani gidan kuma ba mazaunin ƙasar ba ne, fam 38,000. Bulo ɗaya, rufi ɗaya, unguwa ɗaya, amma na ƙarshe ya biya ninkin na farko fiye da sau bakwai. Harajin ya fi duba mai saye a kan gidan da ake saye, kuma a nan ne duk rikicin yake.

Rangwamen sabon shiga da maganar gidan gado

A Nuwamba 2017 ministan kuɗi na lokacin, Philip Hammond, ya shigo da rangwame ga masu sayen gidan farko. Yadda yake a yanzu, fam 300,000 na farko babu haraji, daga nan zuwa 500,000 kashi 5. Idan gidan ya haura fam 500,000, rangwamen ya tafi gaba ɗaya, ba ragi ba sassauci. Wato tsohuwar cutar da Osborne ya yi wa magani ta dawo ta bayan gida: sabon shiga da ya sayi gidan fam 500,000 cif zai biya fam 10,000, wanda ya ƙara fam ɗaya zai biya fam 15,000. A Landan, inda ɗaki biyu da falo a unguwa mai sauƙin jirgin ƙasa yakan wuce wannan iyaka, matasa da yawa ba sa shaƙar ƙamshin rangwamen ko kaɗan.

Sharaɗinsa kuma ya fi yadda mutane suke zato tsauri. Ba a tambayar ko ka taɓa sayen gida a Ingila. Tambayar ita ce ko ka taɓa mallakar gidan zama a ko'ina a duniya, ta hanyar saye, ko kyauta, ko gado. Wanda ya taɓa mallaka ya sayar shekara goma da suka wuce, ya fita. Idan mutum biyu za su saya tare, dole su duka su zama sababbin shiga. Ɗaya ya ɓata, rangwamen ya ɓaci. Sannan sai mai sayen yana da niyyar zama a gidan, ba sa haya ba.

Ga Bature ɗan shekara talatin wannan ba wata matsala ba ce, yawanci iyayensa suna raye kuma gidansu nasu ne. A wurinmu kuwa lamarin daban yake. Mahaifi ya rasu a Fagge ko Tudun Wada, an zauna rabon gado, gidan bai rabu ba, sai aka bar shi a tsakanin 'ya'ya kowa da kasonsa, uwa tana ciki, ƙannai suna ciki. Ɗan da ke Birmingham bai taɓa karɓar ko sisi daga gidan ba, watakila ma shi yake aiko kuɗin gyaran rufi duk damina. A ransa bai da gida. A idon dokar Ingila kuwa ya taɓa mallakar kaso a gidan zama, kuma hakan yana iya hana shi rangwamen. Lauyan da ke yi masa aikin ciniki zai miƙo masa takarda mai tambaya ɗaya ko biyu, shi kuma ya amsa da a'a da zuciya ɗaya, bai san ya sa hannu a kan abin da ba daidai ba. Duk wanda ya san sunansa yana cikin magadan wani gida, ya faɗa wa lauya tun ranar farko, ya bar shi ya tantance.

Ƙarin kashi 5

A Afrilu 2016 aka ɗora ƙarin kashi 3 a kan duk wanda ya sayi gida alhali yana da wani. Manufar ita ce a rage ƙarfin masu tara gidajen haya, waɗanda suke shigowa da kuɗi a hannu su ture matasa masu jiran bashin banki. Ministar kuɗi Rachel Reeves ta mai da shi kashi 5 a kasafinta na 30 ga Oktoba 2024, ya fara aiki washegari. Waɗanda suke tsakiyar ciniki ba su ƙulla yarjejeniya ba suka wayi gari da sabon lissafi. Ƙarin yana hawa kan kowace gunduwa, har da ta farko da ba a biyan komai a kanta, shi ya sa a gidan fam 400,000 yake zama fam 20,000 cur.

Nan ma duniya gaba ɗaya ake dubawa. Idan a ranar da aka kammala ciniki kana da wani gidan zama a Abuja, ko Kaduna, ko Yamai, ko Dubai, wanda darajar kasonka a cikinsa ta kai fam 40,000, to ƙarin ya hau kanka. Idan ana canjin fam ɗaya a kan naira 2,000, naira miliyan 80 ke nan, kuɗin da gida a Gwarinpa ko Nassarawa ta Kano ya wuce shi nesa ba kusa ba. Fili da ba a fara gini a kansa ba, ba gidan zama ba ne, don haka ba ya shiga lissafi. Miji da mata kuma ana ɗaukar su mutum ɗaya. Matar da ke aikin jinya a Coventry, wadda ba ta da ko bukka da sunanta, idan mijinta yana da gida a Jos, sayen da za ta yi da sunanta kaɗai zai ɗauki ƙarin, muddin auren yana nan ba su rabu ba. Ga gado akwai ɗan sassauci a nan: kason da bai wuce rabi ba, ba a lissafa shi cikin shekara uku na farko bayan an gaje shi.

Babbar mafita ita ce sauya gidan zama. Wanda ya sayar da gidan da yake zaune a ciki ya sayi wani don ya koma, ba ya biyan ƙarin, ko da yana da gidajen haya goma a gefe. Idan kuma ya riga ya sayi sabon kafin tsohon ya samu mai saye, sai ya biya ƙarin tukuna, in ya sayar da tsohon cikin shekara uku ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Akwai wa'adin neman, galibi wata goma sha biyu daga ranar sayarwar. Wanda ya yi sakaci ya wuce, ya yi wa gwamnati sadaka.

Akwai abin da ke daure kai a wannan tsari. Mai gidajen haya goma ya sauya gidan kwanansa, bai biya ƙari ba. Malamin makaranta da yake haya a Landan, wanda duk abin da ya mallaka shi ne ƙaramin fulat da ya bari a garinsu, ya zo sayen gidan da zai zauna, ƙarin ya kama shi, don babu gidan zaman da ya sayar. Dokar da aka yi don masu tara gidaje ta bar babba ta kama ƙarami.

A wannan rami ne Rayner ta faɗa. Gidan iyalinta yana Ashton-under-Lyne kusa da Manchester, kuma ta sayar da ragowar kasonta a ciki ga wata amana da aka kafa domin ɗanta, don haka ta ɗauka ba ta da wani gida sai na Hove. Amma dokar ta ce idan an riƙe gida a irin wannan amana domin yaron da bai kai shekara 18 ba, iyayensa ake ɗauka su ne masu shi. Kashi 5 na fam 800,000, fam 40,000. Iyaye masu tunanin sayen gida da sunan ƙaramin yaro don kauce wa ƙarin su lura da wannan. Masu saya wa 'ya'yan da suka girma kuma su lura da wani abu daban: idan uba ya sa sunansa a takardar gida tare da na 'yarsa, shi kuma yana da gidansa, cinikin gaba ɗaya ya ɗauki ƙarin, rangwamen 'yar ma ya tafi. Da ya ba ta kuɗin kyauta ta saya da sunanta, da lissafin ya sha bamban. Ko zuciyar uba za ta yarda da haka, wannan kuma ba maganar haraji ba ce.

Baƙi da kamfanoni

Daga 1 ga Afrilu 2021 aka ƙara wani kashi 2 a kan waɗanda ba mazauna Birtaniya ba. Ba fasfo ake dubawa ba, kwanaki ake ƙirgawa. Wanda bai yi kwana 183 a ƙasar ba cikin wata goma sha biyu kafin ciniki, baƙo ne, ko da a Liverpool aka haife shi. Ɗan Najeriya mai bizar aiki da ya shekara a can, mazauni ne. Sabon zuwa da ya biya ƙarin, idan ya cika kwana 183 ɗin a cikin shekarar da ta biyo baya, yana da damar neman a dawo masa da shi cikin shekara biyu. Idan ma'aurata suna tare, ɗaya mazauni ɗaya ba mazauni ba, suka saya tare, ana ɗaukar su duka mazauna. 'Yan uwa ko abokai ba su da wannan gata: baƙo ɗaya a cikinsu ya jawo wa kowa.

Ƙarin guda biyu suna hawa kan juna, har gunduwar sama ta kai kashi 19. Attajirin da ke zaune a Legas ko Abuja, mai gidajensa a gida, idan ya sayi gidan fam miliyan 2 a Landan, harajin asali fam 153,750 ne, ƙarin kashi 7 kuma fam 140,000, jimla fam 293,750 kafin ya karɓi makulli. Duk da haka Ingila ba ta kai wasu zafi ba. Singafo tana karɓar kashi 60 daga yawancin baƙi tun Afrilu 2023.

Shekaru da yawa masu kuɗi, har da namu, sun riƙa sayen gidajen Landan da sunan kamfanonin da aka yi wa rajista a tsibirai, ta yadda in an tashi sayarwa sai a sayar da kamfanin, gidan bai sauya hannu a takarda ba. A 2012 aka sa kashi 15 a kan kuɗin gaba ɗaya idan kamfani ya sayi gidan zama mai tsada. A 2014 aka sauko da iyakar zuwa fam 500,000. A Oktoba 2024 kason ya koma 17. Gidan fam miliyan ɗaya, fam 170,000 ke nan. Kamfanin da sana'arsa ta gaskiya ita ce gine-gine ko ba da haya yana da rangwame daga wannan, amma ba ya tsira daga ƙarin kashi 5. Tun Agusta 2022 kuma kamfanonin waje masu gidaje a Birtaniya dole su bayyana ainihin masu su a rajista, don haka ɓuyan ma ya ragu.

Shago, ofis, gona, ko ginin da ke da shago a ƙasa da wurin kwana a sama, lissafinsu daban ne kuma ya fi sauƙi: babu komai har fam 150,000, kashi 2 zuwa 250,000, kashi 5 a sama, ba tare da ƙarin nan guda biyu ba. Gidan da aka gada ta wasiyya, ko aka bayar kyauta ba tare da bashi a kansa ba, ko ya sauya hannu saboda rabuwar aure, babu haraji. Amma wanda aka ba kyautar gida ya ɗauki bashin bankin da ke kansa, wannan bashi ana lissafa shi a matsayin farashi.

Wani gyara da ya shafi Musulmi kai tsaye ya zo a 2003, lokacin da Gordon Brown yake ministan kuɗi. A tsarin sayen gida marar ruwa, banki ne yake fara sayen gidan, sannan ya sayar wa mutum da riba a murabaha, ko ya ba shi haya har ya mallaka a ijara. Gidan ya sauya hannu sau biyu ke nan, kuma a da haraji biyu ake biya. Aka soke na biyun, shi ya buɗe wa bankunan Musulunci kasuwar gidaje a Birtaniya. Rangwamen sabon shiga da ƙarin da aka ambata duk suna bin mutumin da zai mallaki gidan, ba bankin ba.

Kwana goma sha huɗu

Daga ranar da aka kammala ciniki, kwana 14 ake da su a miƙa bayani ga hukumar haraji ta HMRC a kuma biya. Lauya ne yake yi, shi ya sa yake karɓar kuɗin tun kafin ranar. Sai hukumar ta ba da takardar shaida ofishin rajistar filaye zai rubuta sunan sabon mai gida. Kuɗi ne kuma da ake biya a dunƙule. Wanda ya tara kafin alƙalamin banki ya manta da haraji, zai ga gidan ya kuɓuce masa a makon ƙarshe.

Mai saye ne yake faɗin matsayinsa da bakinsa, babu jami'in da zai je Kano duba ko yana da gida. Wannan yakan ruɗi wasu su ce wa zai sani. Hukumar tana da wata tara ta buɗe bincike ba tare da ba da dalili ba, tana iya komawa baya shekara huɗu idan ta gano an biya ƙasa da ƙa'ida, shida idan sakaci ne, ashirin idan da gangan ne. Alhakin kuma na mai saye ne, ba na lauya ba. Ga wanda zamansa a ƙasar ya rataya a kan biza, ko yake fatan neman zama ɗan ƙasa wata rana, tabon ƙaryar haraji ya fi fam 20,000 tsada.

Akwai kuma wasu kamfanoni da ke aika wa sababbin masu gida wasiƙa, su ce an cuce ka, gidanka bai cancanci zama ba lokacin da ka saye shi saboda danshi ko tsohuwar waya, bari mu karɓo maka kuɗinka mu ɗauki kaso. Hukumar takan biya da farko ta bincika daga baya. In ta dawo, kamfanin ya riga ya ci nasa, mai gida ne zai mayar da kuɗin duka da ruwa, wani lokaci da tara. A 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa gidan da ke bukatar gyara gida ne dai.

Mu ma mun gaji wannan haraji daga Turawa, ta dokar 1939, kuma mun riƙe tsohuwar siffarsa ta buga wa takarda hatimi. Naira 50 da banki yake cirewa a turin kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama daga wannan tsatso ta fito. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun haɗe shi cikin kundi ɗaya da sauran haraji. Bambancin shi ne a wurinmu gidaje da yawa suna sauya hannu da takardar mai unguwa da shaidu, ba su taɓa zuwa ofishin filaye ba sai ranar da rigima ta kai kotu, ko banki ya nemi jingina. Wanda ya saba da haka yakan shiga kasuwar Ingila da tunanin haraji abu ne da ake dagewa. A can babu rajista sai da shi, babu kuma bashin banki sai da rajista.

Me ya sa ba a soke shi ba

Da wuya ka samu masanin tattalin arziki da ke son wannan haraji. Babban nazarin tsarin harajin Birtaniya da Sir James Mirrlees ya jagoranta, wanda aka kammala a 2011, ya ba da shawarar a soke shi a maye gurbinsa da harajin shekara-shekara a kan darajar gida. Hujjar mai sauƙi ce: haraji ne a kan ƙaura. Wanda ya zauna gida ɗaya shekara arba'in ya biya sau ɗaya. Wanda aiki ya sa ya tashi sau huɗu ya biya sau huɗu. Tsofaffin da 'ya'yansu suka watse suna zaune a gida mai ɗaki biyar don ba sa son biyan dubban fam su koma ƙarami, iyali masu yara uku kuma suna cunkushe a ɗaki biyu. Ina ganin wannan suka ba ta da amsa.

Gwamnatoci ma sun san yana danne kasuwa, shi ya sa duk lokacin da suke son ta motsa sai su ɗaga ƙafa. A Yulin 2020, cikin annobar korona, ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya yafe haraji har fam 500,000, ragin da ya kai fam 15,000 ga mai saye. Aka tsawaita shi zuwa ƙarshen Yunin 2021, aka janye shi a hankali zuwa Satumba. Ciniki ya yi tashin gwauron zabi, farashi ma haka, har ana muhawara kan ko mai saye ne ya ci ribar ko mai sayarwa. A Satumba 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya ɗaga iyakar farko zuwa fam 250,000, ta sabon shiga zuwa 425,000. Wanda ya gaje shi, Jeremy Hunt, ya sa wa abin wa'adi, 31 ga Maris 2025. A makonnin ƙarshe na wannan wata lauyoyi da masu motocin kwashe kaya ba su runtsa ba, domin sabon shigan da ke sayen gidan fam 425,000, in ya kammala ranar Litinin bai biya komai ba, in ya kai Talata fam 6,250.

Abin da ke riƙe da harajin kuɗi ne. Yana kawo wa baitulmali sama da fam biliyan 10 a shekara, karɓarsa ba wuya, kuma mutum yakan ji zafinsa sau biyu ko uku ne kawai a rayuwa, a ranar da yake murnar sabon gida. Harajin shekara-shekara kuwa kowa zai gan shi a akwatin wasiƙarsa, har da tsohuwar da gidanta ya yi daraja amma fanshonta bai taka kara ya karya ba, kuma ita ba ta fashin zaɓe.

A Oktoba 2025, a taron jam'iyyar Conservative a Manchester, shugabarta Kemi Badenoch, wadda ta yi ƙuruciyarta a Legas, ta yi alƙawarin soke harajin a kan gidan da mutum zai zauna a ciki idan suka dawo mulki. Jam'iyyar ta ƙiyasta hakan zai ci kusan fam biliyan 9 a shekara, ta ce za ta cike giɓin da rage kashe kuɗin gwamnati. Reeves a kasafinta na Nuwamban da ya biyo baya ba ta taɓa alƙaluman harajin ba, sai ta sanar da wani sabon caji na shekara-shekara a kan gidajen da suka haura fam miliyan 2, daga 2028. Ko a alƙawarin Badenoch ɗin, gida na biyu, da sayen kamfani, da sayen wanda ba mazaunin ƙasar ba, duk za su ci gaba da biya. Babu jam'iyyar da take neman ƙuri'ar mai saye daga Abuja.